Shaidar Matan Bakin Famfo

Kai da ka ce ka gaji da tura takardun neman aiki ta waya ba amsa, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani magidanci da ya karanci aikin lantarki, ya fito da takarda mai kyau, amma aiki ya ƙi samuwa. Duk sanarwar da ya gani a intanet sai ya nufi shagon mai kwamfuta na bakin kasuwa a tura masa. Shi kuwa mai shagon wasiƙa ɗaya tak gare shi, ita yake yi wa kowa. Suna kawai yake canzawa, sauran duk "ni mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai haƙuri." Rabin samarin garin da wannan rigar aron suke zuwa gaban masu ɗaukar aiki, to ka gaya mini yadda za a gane wani a cikinsu. Ko "mun gani" ba a taɓa ce masa ba. Ga matarsa tana jego, ga hatsi ya yi ƙasa a buhu. Ana haka wani kamfani mai kafa famfunan sola a ƙauyuka ya fitar da sanarwa. Mutumin nan ya ƙudura a ransa cewa in wannan ma ta wuce shi, zai bi motar shanu zuwa kurmi ya yi dako, ya bar mai jego da jariri a hannun Allah. Tunanin tafiyar ya hana shi jin daɗin abinci.

A cikin sanarwar akwai wurin da aka ce mutum ya faɗi aikin da ya taɓa yi da hannunsa, in da hoto ko bidiyo ya haɗa. Irin wannan wurin kullum tsallakewa yake yi, kuma ba don ba shi da abin faɗa ba. Famfon sola na unguwarsu ya taɓa mutuwa har ciyawa ta fito a gindinsa, mata suka koma rafi. Shi ya hau tanki, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya dawo, kuma tun daga nan shi ke share ƙurar allunan solar, famfo na yin tari shi ake kira, bai taɓa karɓar komai ba. Sai dai a wurinsa wannan aikin Allah ne. Sadaka ya yi, in ya je yana shelarta ga kamfani ya zubar da ladansa, ga kuma yabon kai jahilci. Matarsa ta yi lallashi, ta yi fushi, ya ƙi rubutawa. Mutumin kirki ma in ya kafe, sai dai a yi haƙuri da shi.

Da abin ya ishe ta, sai ta gaya wa tsohuwar da ke zuwa yi mata wankan jego, wadda da ruwan famfon nan take cika tukunyar wankan. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, shi ya yi shiru ya riƙe ladansa. Mu da muke shan ruwan ai ba mu yi wa kowa alkawarin shiru ba." Washegari da safe ta tara matan unguwa a bakin famfo, wata malamar firamare ta riƙe waya tana ɗauka. Ba tsari ba komai: ruwa na zuba cikin jarkoki, mata na katse juna, wannan na faɗin sunansa, waccan na nuna tabon kaushin da hanyar rafi ta bar mata a ƙafa. Tsohuwa ta kawo masa bidiyon har zaure, ta tsaya a kansa sai da ya haɗa da takardunsa ya tura. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ba a musu da wadda take yi wa matarka wankan jego.

Ba a jima ba aka kira shi. Wanda ya yi masa tambayoyi ya ce wasiƙun da suka zo musu duk bakinsu ɗaya, tasa ce kaɗai suka ji ƙarar ruwa a ciki. Aka ba shi aikin kula da famfunan ƙauyukan yankin, ya fita da safe ya kwana a gida. Ranar da ya je yi wa tsohuwa godiya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya tsara magana tun daga hanya, amma da ya buɗe baki sai hawaye. Ta bar shi ya gama, ta sa masa albarka, ta ce ya tashi ya tafi kada maƙwabta su zaci rasuwa aka yi. Motar shanu ta tafi kurmi ba da shi ba, a gaban idonsa ɗansa ya fara rarrafe.

Saboda haka kafin ka sake tura takarda, duba baya ka ga wa ya taɓa amfana da hannunka, domin shi zai faɗi abin da kunya ta hana ka faɗa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.