Kusu a Rumbun Kawu Sammani

"Shekara huɗu kana kiwon ɓeraye a jami'a?" Kawu Sammani ya dubi ɗan ƙanwarsa Abdurra'uf, wanda ya zo Bafarawa hutu. "Mi ka gano?"

"Kawu, idan ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwar ɓera, ba ita kaɗai ke ɓarna ba. Sojojin jikinsa ne ke bin ta da faɗa, har su kumbura ƙwaƙwalwar, su lalata ta."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Mai gadi ya rushe gidan da yake tsaro? Wane sakarai ne zai yi haka? An ci kuɗin uwarka, yaro. Ni da safen nan kusu guda, irin ɓerayen naka, ya shiga rumbuna. Garwashi da barkono na cusa mashi, na gama da shi ba digiri."

Sai ga matarsa Murja a guje, ba ko mayafi. "Malam, rumbu ya kama! Geron bana duka!"

Suna isa, ɓeran ya fito ta ƙasa lafiya lau, ya shige zana.

Abdurra'uf ya zaro biro. "Kawu, Sammani 'm' biyu ne? Za ni sa ka cikin binciken."