Shaidata a Kan Muttaƙa

"Ki buɗe baki ko ki ruɓe a kaso!" Kumandan jandarma ya daki tebur.

Kwanana uku ke nan a hannunsu a Magariya, shekarar da soji suka karɓi mulki. Muttaƙa suke nema, mai riƙe da makullin mangaza, wato ma'ajiyar hatsin garinmu, wanda ya sayar da dawar taimako ƙetaren iyaka ya ɓace. Ni ke share mangazar, shi ya sa suka ce na san maɓoyarsa.

Na ce, "Ranar da yunwa ta kashe mini 'ya'yana Fadi da Tamu, kuna ina?"

"Ba wannan na tambaye ki ba! Faɗi inda yake. Duk abin da ya fito bakinki, ba mai taɓa ki."

"Ban yarda da bakinka ba. Rubuta."

Ya yi tsaki ya rubuta, ya buga hatimi. Tafinta ya karanta mini sau biyu. Na ƙulle takardar a bakin zanena.

"To, yana ina?"

"Yana cikin tsohuwar rijiyar bayan mangaza. Ku tafi da doguwar igiya. In kun fito da shi, ku ɗauko mini taɓaryata, tare na jefa su."