Lafiyayyen Kuloci

Da igiya aka jawo motar zuwa garejin, amma da Likita ya murza makulli, bugu ɗaya ta tashi.

Likita ba likitan mutane ba ne. Bakanike ne da ya shekara talatin a ƙarƙashin motoci, direbobi suka laƙaba masa sunan saboda da kunne yake gane ciwon mota tun kafin a ɗaga bonet. Ya saurari injin, sannan ya dubi mai motar, wani dogon malamin makaranta da ya tsaya can nesa, jikin tarin tsofaffin tayoyi.

"Malam, wannan ai da ƙafarta ya kamata ta zo. Me ke damunta?"

"Kuloci ne, Baba. Tana cikin giya, an taka shi har ƙasa, sai kawai ta zabura ta yi gaba."

Likita ya shiga zai zauna, gwiwoyinsa suka bugi sitiyari. Ya yi tsaki, ya tura kujerar baya. Ya taka kuloci: ba tauri, ba sakwarkwacewa. Ya sa giya ta ɗaya, ya riƙe ƙafarsa a ƙasa har ya gaji, motar ko motsi ba ta yi ba. Ya ja birkin hannu, ya sa ta uku, ya saki a hankali. Nan take injin ya mutu, kamar yadda na lafiyayyiyar mota ke yi. Ba ƙauri, ba ƙara.

Ya buɗe gaba, ya bi wayar kulocin da yatsunsa tun daga feda har jikin giya. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Malam, da duk marasa lafiyata irin wannan ne, da tuni na koma sayar da rake."

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce a sauke giya a duba ciki.

Likita ya gaya masa aikin wuni guda ne, kuma aikin banza. Malamin ya ce ya ji, a dai sauke. Aka ba shi benci a inuwa, ya ƙi zama. Da Likita ya ce ya shiga ya taka masa fedar ya gani daga ƙasa, sai ya ja da baya, ya ce a kira wani.

Rana ta take, Likita na cikin ramin gyara a ƙarƙashin motar, zufa na zuba masa cikin ido. Daga nan yana jin malamin yana amsa waya ƙasa-ƙasa. "Ta ci wani abu? To. Ku zauna da ita, kada ku bar ta ita kaɗai." Likita ya ce a ransa, akwai mara lafiya a gida, shi ya sa duk ya firgice.

Sai da rana ta yi sanyi giyar ta sauko. Likita ya jera kayan a kan buhu, ya kira shi. Ya nuna masa faifan kuloci, da kaurinsa, ko rabi bai cinye ba. Ya nuna masa murfin da ke matse faifan, haƙoransa duk a jere. Ya juya boris ɗin kulocin kusa da kunnen malamin, shiru kake ji.

"Albishirinka, motarka lafiya lau. Ka ga, mota ba ta zabura haka kawai. Sai dai in waya ta tsinke, ko kuma ƙafar mai tuƙi ta zame daga kan feda. Wayarka kuwa ga ta nan garau. Ƙafa ce, Malam. Ko a gaban wa zan faɗa."

Malamin ya daɗe yana kallon buhun. Ya tambaya ko akwai wani wurin da ba a duba ba, ko da ƙaramin abu ne. Likita ya girgiza kai, ya fara haɗa sifanoninsa.

Da ya juyo, sai ya hango malamin durƙushe a juji, inda ake zubar da kayan da suka mutu, yana tono da hannu cikin baƙin mai. Can ya miƙe riƙe da wata tsohuwar wayar kuloci da ta tsinke, bakinta ya barbaje kamar tsintsiya.

"Baba, ka ba ni wannan. In wani ya zo ya tambaye ka, ka ce daga motata ka ciro ta."

Ran Likita ya ɓaci. Ya sha ganin irinsu: mutum ya sayi mota, ta fita ransa, ya zo neman bakaniken da zai ƙaƙaba mata ciwo don ya mayar wa mai ita. Dama tun safe jikinsa ya ba shi akwai wata a ƙasa.

"Ajiye min kayana. Da furfurata za ka sa ni shaidar ƙarya? Kai da ke koyar da 'ya'yan mutane? Wa za ka cuta da ita?"

Malamin bai ajiye ba. Ya ƙanƙame wayar a ƙirjinsa, baƙin mai na ɓata masa riga, hawaye na bin gemunsa. Sai ya ce:

"Ni na matsa wa matata sai ta koyi tuƙi, Baba, ita ce a sitiyari, 'yarmu tana wasa a bakin ƙofa. Yau kwana tara da muka binne yarinyar, so nake kawai in kai wa uwar abin da za ta riƙe a hannu, in ce mata ba ƙafarta ba ce."