Ranar da Malam Tanimu Ya Kai Ciwon Tabawa Kano

Tun da aka fito da munduwar ɗaukar ciwo, ba sai mara lafiya ya je birni da kansa ba. Wani ne zai saka ta, ciwon ya koma jikinsa, ya kai wa likita ya duba.

Shekara shida Tabawa tana fama da ciwon ƙugu. Zama ya gagare ta, kuɗin kujera ukun da za ta kwanta a kai har Kano kuwa sun fi ƙarfin gidan. Sai mijinta, Malam Tanimu, ya ce shi zai je.

Da ya saka munduwar da safe, sai ya dafa bango, gumi ya keto masa.

"Tabawa, dama haka kike ji?"

"Na yau ma da sauƙi, Malam."

A dudduƙe ya tafi tasha.

Ita kuwa ta miƙe tsaye sarai. Ta share tsakar gida, ta goya jikarta, ta yi azahar da ruku'u da sujada, hawaye na zuba.

Bayan la'asar ya kira ta daga asibiti. "Layi bai zo kaina ba. Sun ce ko in kwana da ciwon zuwa gobe, ko in cire yanzu ya dawo miki. Yaya kika gani?"

Tana jin nishinsa ta cikin wayar. Ta buɗe baki za ta ce ya cire.

"Ka daure zuwa goben, Malam," in ji ta.

Ya ce, "To."

Tuwon da ta tuƙa da hannunta ranar, ko loma ɗaya ta kasa haɗiyewa.