Maɓallin Tari

Malama Glenys Harrigan ta ajiye kofin shayinta kusa da sabuwar makirfo, ta gyara wuyan riga, abin da ba ta taɓa damuwa da shi ba a zamanin rediyo. Ɗalibanta a warwatse suke a gonakin shanu na yammacin Queensland, mafi kusa sai an wuni ana tuƙi kafin a kai gidansu. Iyayen wasunsu ma ita ta koya wa karatu, kuma hanyar ɗaya ce, ta rediyo: ta danne maɓalli ta yi magana, ta saki ta saurara.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta daga birni, Craig Tolhurst, da takalmi mai ƙyalli da dogon turanci. Shi ya sa aka kwashe rediyoyin aka kawo manhajar koyarwa ta bidiyo. Ya ce zai kalli darasin kowane malami daga ofishinsa, ta cikin manhajar, wanda ya kasa kuma a mayar da shi ɗakin ƙunshe littattafan da ake aika wa yara ta gidan waya. Glenys ta san ɗakin. Ba taga, ba muryar yaro, sai kwali da ƙarar salatif. Tsoronsa take ji fiye da ritaya.

An yi ta ba malaman horo. Wata yarinya da kamfanin ya turo ita ke nuna komai, Craig kuwa yana tsaye a baya, hannu cikin aljihu.

"Ni ba zan taɓa muku ba," yakan ce. "In na yi muku, yaushe za ku iya?"

Duk wanda ya buɗe manhajar karon farko, wani farin aku mai tukku ke fitowa a allo yana ɗaga masa fiffike. Yarinyar ta ce da mutum ya yi rajista ya shiga ciki, shi da akun har abada. Sauran malamai sun rabu da nasu tun kafin shayin safe. Glenys ta kwashe kwanaki ita da shi suna kallon juna.

"Glenys, har yanzu kuna tare?" Craig ya ce a gaban kowa. "Ko dai gida za ki tafi da shi ki saya masa keji?"

Aka yi dariya. Ita ma ta taya su, ta koma ta zauna sai da ta koya.

Yau ce ranarta. Craig ya leƙo da kwamfutarsa a hammata, ya ɗaga mata babban yatsa, ya shige ofis ya rufe ƙofa. Ta bi tsarin da ya rubuta sau da ƙafa: ta rufe muryoyin yaran sai ƙarshen darasi, ta sa hoton gajimare, ta fara bayanin yadda ruwan sama ke haɗuwa. Hannunta ya nemi gindin makirfo da kansa. Idonta ya koma kan taswirar bango, inda ta saba kallo shekara da shekaru.

Darasin ya yi kyau, ita kanta ta ji a jikinta. Sau biyu ta saci kallon allo ta ga yaran suna ta ɗaga hannu, wasu har da hannu biyu. Ba ta taɓa sanin suna son kimiyya haka ba.

Da ta gama ta buɗe musu murya. Jock, ɗan masu shanun can kusa da iyaka, shi ya fara magana.

"Misis Harrigan, mu fa ba mu ji komai ba. Bakinki kawai ke motsi."

"Mun ji lokacin da kike kurɓar shayi," in ji Tahlia, don ta kwantar mata da hankali.

Glenys ta dubi babban yatsanta. Yana nan kan maɓalli, har ya yi fari don dannawa. A rediyo wannan gurbin na magana ne. A sabuwar makirfo na tari ne, ana danne shi don kada a ji mutum. Tun daga sallama har ƙarshe, ba ta sake shi ba sai in za ta ɗauki kofi.

Ta sallami yaran, ta wanke kofin, ta tafi ofishin shugaba da ƙafarta, don gara ta ji hukuncin tana tsaye.

Craig ya miƙe da fara'a.

"Glenys! Kin ba ni kunya, ni da na yi zaton ba za ki iya ba. Muryarki tar, kamar a ɗakin nan kike. Ga yadda kika ja yaran a jiki. Ajinki naki ne, ba mai taɓa miki shi."

Ta tsaya tana kallonsa. Ba alamar zolaya a fuskarsa. Ta fara tunanin ko mutumin nan yana da tausayi ne bai bari an sani ba, har ta ji kunyar zagin da ta sha yi masa a zuci.

"Ranar Juma'a ke za ki nuna wa sauran yadda ake yi," ya ce, ya miƙo mata hannu.

Ta zagayo teburin don ta karɓi gaisuwar da kyau. Kwamfutarsa tana buɗe, ya yi saurin kai hannu zai rufe, amma ta riga ta gani. A tsakiyar allon, farin aku mai tukku yana tsaye yana ɗaga masa fiffike.