Ɗoɗɗoyar Malam Ɗahiru

Cikin bayanan da na ji game da rashin barcin Malam Ɗahiru, na Felicitas na fi amincewa da shi. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta ƙari a magana, kuma ba ta gari lokacin da al'amarin ya fara.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara da shekaru tana tsinko wa matarsa Ladi ɗoɗɗoya daga tukwanen shukarta, Ladi ta tafasa da na'a-na'a, ta zuba zuma, Malam ya sha bayan isha'i ya samu barci.

Da Felicitas ta dawo daga doguwar jinyar mahaifiyarta a kudu, ko jaka ba ta kwance ba Ladi ta kira ta ta saman katanga da sunan da aka fi saninta da shi, Maman Uju. Ladin ta rame ƙwarai. Babu kwalli a idonta, babu ɗankunne, babu ƙamshin turaren da aka san ta da shi.

"Maman Uju, taimaka mini da ganyen nan. Malam ya kasa kwanciya."

Ta ba ta. Bayan kwana kaɗan Ladi ta nemi ninki. Felicitas ta lura cewa maƙwabciyarta ta daina fita ko da biki, kuma mutane suna rage murya idan sun zo ƙofar gidan. Ta ɗauka jikin Malam ne ya tsananta, domin ta bayan bango tana jin tarinsa da jan takalminsa, daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa ɗaki.

"Ku kai shi asibiti, Ladi. Ganye yana da iyaka, ke ma kina ƙarewa."

"Da zai samu barci, da ni ma na huta," in ji Ladi.

Wata la'asar Felicitas ta shiga da ganyen da kanta. Ta tarar da shi zaune kan tabarma a inuwa, idanunsa jajur, kofin jiƙon a gabansa bai taɓa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Maman Uju, kin dawo? A ƙara ganyen. Wurin kwanciyar ne ya yi mini ƙunci."

Daga nan Felicitas ta zo gidana kai tsaye, kasancewata amininsa tun ƙuruciya. Ta roƙe ni in lallashe shi ya ga likita, ta ce mutum ba ya daɗewa a irin wannan hali, kuma in aka bari zai tafi da matarsa.

Ladi dai takaba take yi. Kafin Felicitas ta dawo muka kai Malam Ɗahiru maƙabartar Tarauni, kuma waɗanda suka sa shi a kabari su ne ƙaninsa Murtala, da ɗansa Faruk, da ni.