Hadarin Asabar

Tun da aka koma rabon ruwan sama daga ofis, kowane gari da ranarsa. Ta Tudun Marke Asabar ɗin nan ce. Malam Barmo ya yarda da allon kasuwa da ake rubuta ranakun ruwa, ya yi binne da ɗan irin geron da ya rage masa. Yayyafi ya tsirar da shi, ga shi kwana tara ganye na nannaɗewa.

Ranar Asabar da safe allo ya sauya. An ɗage ruwa mako biyu, wai 'yan tseren mota sun kai takardar neman busasshen fili.

Barmo ya tarar da shugabansu, Ƙasimu ɗan ƙanensa, kwance a ƙarƙashin mota.

"Fito, kai! Je ka janye takardar nan."

"Haba Baba, shekara guda muke jira. In fili ya jiƙe, kifewa za mu yi."

"Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tuwon gonar nan ne ya ba ka ƙarfin murɗa sitiyari."

Tsoho ya cire hula, ya durƙusa gaban yaron da ya goya. Ƙasimu ya kau da kai.

"Don Allah tashi, Baba. Ofis ba ya buɗewa sai Litinin."

Da azahar hadari ya taso daga gabas, ya zo iyakar gari ya tsaya cak, kamar shanu a bakin shinge. Barmo na bin kunya da buta, yana ɗiga wa kowane tsiro. Can ya ji rugugi, ya ɗaga kai da sauri yana hamdala.

Motoci ne suka tashi.